Yadda ake auna matsin mai da zaɓar baƙin mai ga injin da ya tsufa

Da safe inji lafiya lau. Sai an yi tafiyar minti 40 ko awa guda, ka tsaya yana silo, jar fitilar nan mai hoton buta ta fara ƙyaftawa a dashbod. Ka ɗan taɓa totur ta ɗauke, ka ɗaga ƙafa ta dawo. Shawarar da za ka fara ji ita ce a juye a zuba mai mai kauri. Wani lokaci shawarar daidai ce. Wani lokacin kuma an bar jaki ne ana dukan taiki, domin laifin ba na mai ba ne, na rariyar famfon mai da ta toshe ne, ko na suwicin da ke kunna fitilar da ya mutu, ko na lagireton da ya daina sanyaya inji. Kafin ka sayi galan ko ɗaya, sai ka san wanne ne a cikinsu, kuma ba a sanin haka sai an auna.

Daga ina matsin yake zuwa

Famfon mai ba matsi yake yi ba, turo mai kawai yake yi. Duk juyi ɗaya na inji yana turo wani adadi, idan juyi ya ƙaru turowar ta ƙaru. Matsi yana samuwa ne saboda man ya tarar da ƙofofin fita ƙunci. Kamar tiyon ruwa ne: bakinsa a buɗe ruwa yana kwarara salin alin, ka danne bakin da babban yatsa sai ya yi tsiri.

Ƙofofin nan su ne ratar da ke tsakanin karanshaf da metal, wato ɓawon ƙarfen nan mai laushi da karanshaf ke juyawa a cikinsa, manya na jikin inji da ƙanana na kwanarod, sai kuma mazaunin kamshaf. A injin da bai ci ba ratar tana tsakanin milimita 0.025 zuwa 0.075, kusan kaurin silin gashi ɗaya ko ƙasa da haka. Abin da ke sa matsi ya faɗi warwas a tsohon inji shi ne zubar mai ta cikin rata ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗin ratar. Idan rata ta ninka biyu, a lissafi man da zai iya sulalewa ta cikinta yana iya kusantar ninki 8. Ga famfo kuma a silo yana juyawa a hankali, ga mai ya yi zafi ya tsinke. Nan ne fitila ke kamawa.

Akwai wani abu da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Ba matsin famfo ne ke ɗauke da karanshaf ba. Juyawar karanshaf ɗin da kansa ce ke jan mai ta cusa shi ƙarƙashinsa, ya hau kai yana shawagi, kuma matsin da ke wannan ɗan wurin ya fi na famfo ninkin ba ninkin. Aikin famfo shi ne kada wurin ya rasa mai, kuma man ya riƙa wucewa yana kwashe zafi. Shi ya sa injin da matsinsa ya yi ƙasa a silo amma yana tashi da zarar an taka zai iya shekaru yana aiki. Wanda matsinsa ba ya tashi ko an taka, shi ne kwanansa ya kusa ƙarewa.

Matakin farko: duba man da ke ciki

Ajiye mota a wuri mai baje, kashe inji, jira minti 5 zuwa 10 mai ya gangaro. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita 1 ce. Idan mai ya yi ƙasa, rariyar famfo tana zuƙar iska a kwana ko a birki, fitila ta ƙyafta. Idan ya wuce layin sama sosai shi ma matsala ce: karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, famfo kuwa ba ya iya samar da matsi da kumfa.

Daga nan sai hanci da yatsu. Shinshina gejin. In ka ji warin fetur, kuma man ya yi ruwa-ruwa tsakanin yatsu, ko ka lura yana ƙaruwa da kansa ba wanda ya ƙara, to fetur ne ke gangarawa cikinsa, daga kafireton da ke ambaliya, ko injektar da ke ɗiga, ko fulogin da ba ya kamawa. Man da fetur ya shiga, ko lambarsa nawa ce, ya tashi daga aiki. In kuma ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, galibi ta gasket ɗin top, kuma wannan ruwan yana cin metal. A waɗannan biyun maganar zaɓen mai ba ta ma taso ba sai an toshe inda ɓarnar ke shigowa.

Mataki na biyu: ɗaura agogon awo

Kada ka yarda da fitila, kada ka yarda da allurar dashbod. Suwicin fitila a yawancin motoci ba ya kamawa sai matsi ya sauka zuwa wajen 0.3 zuwa 0.5 a ma'aunin matsi da ake kira "ba" (bar), wato fitilar ba ta gaya maka komai game da abin da ke sama da haka. Kuma suwicin yana tsufa: robar cikinsa ta fashe, ya fara yoyo ta wajen waya, ya riƙa kunna fitila a banza. A wasu motocin ma allurar dashbod ado ce kawai, tana tsayawa tsakiya da zarar an sami ɗan matsi.

Abin da ake bukata shi ne agogon awon matsi mai tiyo, wanda yake karanta har ba 7 ko 10, da mahaɗin da ya dace da zaren ramin suwici. A kula da zaren nan. Motocin Japan galibi 1/8 BSPT ne, na Amurka 1/8 NPT, na Jamus da yawa M10×1. Ukun suna kama da juna a ido, har sukan shiga juyi biyu ko uku kafin su cije. In ka ji ya cije da wuri, tsaya. Tilasta shi yana cin zaren, ko ya tsaga wurin in alminiyom ne.

Cire wayar suwici, kwance shi da soket mai zurfi, ɗaura mahaɗin da hannu sannan ka ɗan ƙara da sifana. Kau da tiyon daga salansa da fanka da bel. Tayar da inji, duba ko akwai yoyo, rubuta abin da agogo ya nuna a sanyi. Wannan lambar za ta yi kyau ko a injin da ya gama cinyewa, don haka kada ta ruɗe ka.

Awon gaskiya sai mai ya yi zafi sosai. Mutane da yawa a nan suke kuskure: suna ganin allurar zafin ruwa ta kai tsakiya sai su ɗauki awo. Ruwa yana riga mai yin zafi da nisa. Sai an yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a kan hanya kafin mai ya kai digiri 90 zuwa 100. In tiyon bai kai a yi tafiya da shi ba, yi tafiyar tukuna da suwici a jiki, ka dawo ka canza da sauri da safar hannu. Sai ka rubuta lambobi uku: a silo, a juyi 2,000, da a juyi 3,000 a minti.

Mataki na uku: karanta lambobin

Littafin gyaran motarka shi ne alƙali. Don ka ga yadda kamfanoni ke sassautawa a silo: littattafan tsofaffin injunan Toyota da yawa suna karɓar ba 0.3 a silo, amma suna neman 2.5 zuwa 5 a juyi 3,000. Tsofaffin injunan Volkswagen kuma ana neman aƙalla ba 2 a juyi 2,000, mai yana digiri 80. In babu littafi a hannu, tsohuwar ƙa'idar makanikai, a wani ma'aunin matsi da ake kira psi, ita ce psi 10 ga kowane juyi 1,000, wato kusan ba 0.7. Ba 1 daidai yake da psi 14.5.

Yanayin lambobin ya fi lambobin kansu magana.

In duk ukun suna cikin ƙa'ida amma fitila tana kamawa, suwici ne ko wayarsa ta goge tana taɓa ƙarfe. Canza suwici, magana ta ƙare.

In a sanyi matsi yana sama, a zafi silo ya faɗi, amma yana hawa tare da juyi ya kai ba 2 ko fiye a 3,000, wannan shi ne ainihin tsufa: rata ta buɗe. Wannan ne kaɗai yanayin da ƙara kaurin mai yake da amfani.

In matsi yana ƙasa a sanyi da zafi duka, ba maganar rata ba ce kaɗai. Ka zargi bawul ɗin rage matsi, wato ɗan fistan ko ƙwallon nan mai sifirin da ke jikin famfo, wanda aikinsa buɗewa idan matsi ya kai wajen ba 4 zuwa 5 ya mayar da rarar mai ƙasa. Ɗan tsaki ɗaya ya maƙale masa a buɗe, ko sifirin ya karye, matsi ya tafi. Ko kuma haƙoran famfon ne suka cinye.

In matsi yana da kyau a silo amma yana sauka, ko allura tana rawa, idan aka ƙara juyi, famfo ne ba ya samun abin zuƙa. Rariya ta toshe, ko robar bututun zuƙa ta bushe tana shigar da iska, ko kwanon mai ya bugu da dutse ya lotsa har ya rufe bakin rariya. A nan mai mai kauri guba ne, domin abin da ya kasa jan tsinkakke ta ƙaramar kafa ba zai ja mai kauri ba.

Mataki na huɗu: kawar da ƙananan masu laifi

Fara da zafi. Mai yana tsinkewa da sauri in zafi ya ƙaru, kuma ƙarin digiri 10 zuwa 15 ya isa ya sa mai lamba 40 ya koma kamar lamba 30. Injin da lagiretonsa ya toshe, ko fankarsa ba ta tashi a kan lokaci, ko bel ɗin famfon ruwa yana santsi, zai nuna ƙarancin matsi ko da metal ɗinsa da sauran rai. Gyara sanyaya inji ka sake awo. Amma cire tamostat ba gyara ba ne. Injin da ba ya kai zafinsa ba ya ƙone danshi da fetur ɗin da ke taruwa cikin mai, dauɗa ta fi saurin daskarewa.

Sai filta. Filta tana da bawul biyu a ciki: ɗaya yana buɗe wa mai hanyar kewaye in takarda ta toshe, ɗayan roba ce da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. In fitila tana daɗewa daƙiƙa 4 ko 5 kafin ta mutu da safe, kuma inji yana ɗan ƙarar ƙarfe a wannan lokacin, robar nan ce ta farko da za a zarga. Canza filta da mai kyau wadda lambarta ta dace.

Tsohuwar kuma kada ka jefar. Yanka ta da abin yankan bututu ko almakashin kwano, ba da zarto ba, don zarto zai zuba nasa garin ƙarfen ya rikita ka. Zaro takardar, matse man da ke jiki, buɗe ninkin ka duba a hasken rana. Ɗan ƙyalli jefi-jefi ba komai. In ka ga ɓarɓashi ja-ja mai launin tagulla, metal ya cinye har ya kai shimfiɗarsa ta ciki. In fari ne mai sheƙi kuma maganaɗisu bai ɗauke shi ba, saman metal ne ko alminiyom. In maganaɗisu ya ɗauka, ƙarfen kamshaf ne, ko karanshaf, ko cen. Wanda ya ga tagulla da yawa a filta ya daina tunanin mai, ya fara tunanin sauke kwano.

Ka kuma saurara. Ƙaramar ƙara cak-cak daga sama ta tafet ce. Ƙwanƙwasa mai kaifi daga ƙasa da ke fitowa in an ɗan taka aka saki, wajen juyi 2,000 zuwa 2,500, ta kwanarod ce, kuma in ka cire wutar silinda ɗaya bayan ɗaya za ta ragu a kan mai laifin. Dum-dum mai nauyi in an ɗora wa inji kaya ta manyan metal ce. Injin da ya fara ƙwanƙwasa, babu man da zai dawo da shi.

Mataki na biyar: zaɓen mai

Lambobin da ke jikin galan, irin su 10W-40, ma'aunin kaurin mai ne na ƙungiyar injiniyoyin mota, SAE. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke motsi a tsananin sanyi: ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W a 15. Ta biyu ita ce kaurinsa a digiri 100, kuma ita ce ta shafi matsalarka. Lamba 30 tana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin santistok, lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, lamba 50 tsakanin 16.3 da 21.9. Saboda haka 5W-40 da 15W-40 kusan kauri ɗaya suke da shi a inji mai zafi. Mai cewa ya tashi daga 10W-40 zuwa 15W-40 don matsin silo ya ƙaru bai yi wani nisa ba. Bambancinsu yana wajen tayarwa da safe.

Ƙa'idar ita ce hawa mataki ɗaya a lamba ta biyu, a auna, sannan a yanke shawara. In littafi ya ce 5W-30 ko 10W-30, koma 5W-40 ko 10W-40. In dama 10W-40 ko 15W-40 ne a ciki kuma awo bai kai ba, sai 15W-50 ko 20W-50. Buɗe littafin mai mota tukuna, domin motocin shekarun 1970 zuwa 1990 da yawa suna da jadawalin da ya yarda da 15W-40 da 20W-50 a yanayin zafi tun suna sababbi. In naka yana cikinsu, ba ka karya wata doka ba.

Me ya hana a tafi kan mafi kauri kai tsaye? Abubuwa ne da yawa, kuma agogo ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Mai mai kauri yana daɗewa kafin ya isa kamshaf a tayarwar sanyi, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. A sanyi yana tilasta bawul ɗin filta ya buɗe, man da ba a tace ba ya wuce kai tsaye zuwa metal. Yana wucewa ta rata a hankali, ya kwashe zafi kaɗan, ga shi kuma shi kansa yana ƙara zafi saboda gogayya. Sannan duk abin da ya haura inda bawul ɗin rage matsi ke buɗewa komawa kwano yake yi, bai amfani kowa ba. Lamba babba a agogo ba ita ce buri ba. In 10W-40 ya ba ka ba 0.8 a silo da ba 3 a juyi 3,000, tsaya nan. Inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili kuwa, 20W-50 ba abokin tafiya ba ne, nemi 5W-40 ko 5W-50.

Injunan da ke da na'urar sauya lokacin bawul, irin su VVT-i da VTEC da VANOS, da masu tobo, da masu cen da mai ke ɗaurewa, su ne aka fi taka-tsantsan da su. Suna aiki da mai ta ƙananan kafofi da rariyoyi masu laushi, kuma mai mai kauri yana sa su nawa har kwamfutar mota ta kunna fitilar inji. Wanda aka ƙera don 5W-20 ko 5W-30 a cikinsu, mataki ɗaya ya ishe shi. Tsallakawa zuwa 20W-50 neman wata sabuwar rigima ce.

Bayan kauri sai darajar mai. A jikin galan za ka ga haruffan API, wato alamar daraja ta cibiyar man fetur ta Amurka: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma sabuwa tana maye gurbin tsohuwa a injin fetur. In ka ga SA ko SB, ko babu alama sam, ajiye shi. Alamar Turai ta ACEA A3/B4 tana da amfani ga tsohon inji, domin tana tabbatar da cewa man yana riƙe kaurinsa a digiri 150 a ƙarƙashin murza, wanda shi ne halin da yake shiga a cikin metal.

Akwai wata magana ta musamman ga injunan da kamshaf ɗinsu ke goga kan tafet mai baje kai tsaye, ba mai taya ba. Wurin nan ba ya samun cikakkiyar shimfiɗar mai, yana dogara ne da sinadarin ZDDP mai zinki da fosfaras. Tun 2004 aka rage fosfaras zuwa kashi 0.08 cikin 100 a tsinkakkun mayuka irin 5W-30 da 10W-30, saboda yana kashe matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Wannan iyakar ba ta hau kan 10W-40 da 15W-40 da 20W-50 ba, shi ya sa da yawansu suka fi yawan sinadarin. Man dizal 15W-40 mai alama biyu, misali CI-4/SL, zaɓi ne mai kyau ga tsohon injin fetur da ba shi da matatar hayaƙi. In motar tana da matata kuma tana shan mai, yawan fosfaras zai rage wa matatar kwana.

Batun cewa man sintetik yana sa tsohon inji yoyo, gaskiyarsa ita ce ba ya cin sil. Abin da yake yi shi ne wanke dauɗar da ta daɗe tana toshe sil ɗin da dama ya bushe. Ya fi jure zafi, amma injin da ke shan lita a kowane kilomita 1,000 ba ya barin mai ya daɗe balle a ci moriyarsa, na gama-gari mai kyau ya wadatar. Mayukan da ake sayarwa don motocin da suka haura kilomita 120,000 suna da sinadarin da ke ɗan kumbura roba, suna rage ƙaramin tsattsafi, ba sa ɗinke sil da ya tsage.

Abu biyu ka guje musu. Na farko gwangwanayen nan masu kauri kamar zuma da ake zubawa a kan mai: suna ɗaga allura, amma ba ka san lambar da man ya koma ba, kuma suna surka sinadaran da ke cikinsa. In kauri kake so, sayi mai kauri. Na biyu maganin wankin inji a injin da ya tara dauɗa. Yana ɓamɓaro dasƙararren datti gaba ɗaya, ya gangara ya liƙe a rariya, injin da ke lallaɓawa ya buga a kwana biyu. In ka buɗe murfin zuba mai ka ga baƙin abu kamar kwalta, wanke shi a hankali da juye biyu ko uku a kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, kowanne da sabuwar filta.

Mataki na shida: juye, sake awo, riƙe lissafi

Juye mai inji da ɗumi, canza washar noti, shafa mai a robar sabuwar filta, ɗaure ta da hannu. Zuba adadin da littafi ya faɗa, tayar, tabbatar fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, kashe, jira, cika zuwa layin sama. Sai ka maimaita awon nan uku a kan hanya ɗaya da zafi ɗaya, ka ajiye su kusa da na farko. Mataki ɗaya na kauri yakan ƙara ɗan abu a silo, ba mai yawa ba. In bai motsa ba sam, koma kan bawul ɗin rage matsi da rariya.

Sake awo bayan kilomita 2,000 zuwa 3,000. Man da tazarar lambobinsa ke da faɗi yana dogara da sinadarin ƙara kauri wanda murza ke yankawa, ga fetur da hayaƙi suna bi ta gefen ringi suna surka shi, don haka matsin ƙarshen zango yakan gaza na farko. A tsohon inji kada juye ya wuce kilomita 5,000 ko wata 6.

Duba geji kowane mako, rubuta abin da ka ƙara. Shuɗin hayaƙi a tayarwa ko bayan dogon silo, sil ɗin bawul ne. Shuɗin hayaƙi in an taka da ƙarfi, ringi ne. Kafin ka yanke wa ringi hukunci duba bawul ɗin numfashin inji, PCV, da tiyonsa. In ya toshe, iska tana taruwa a ciki ta turo mai ta kowane sil.

Idan mai ya gaza

In da 20W-50 ma matsi bai kai ba 1.5 a juyi 3,000 ba, ko fitila tana kamawa kana cikin tafiya, kashe inji nan take. Lokacin sauke kwano ya yi. A motoci da yawa ana yin haka inji yana jiki.

Fara da rariya. Toshasshiya za ka gan ta da baƙar dauɗa kamar gawayi, da guntayen jan ko baƙin silikon da wani ya lafta a gasket ya matso ciki, wani lokaci da ɓallin robar jagorar cen. Wanke ta har ka ga haske ta cikinta, canza roba ko gasket ɗin bututunta, tabbatar akwai tazarar milimita 6 zuwa 10 tsakaninta da gindin kwano. Kwance bawul ɗin rage matsi, ka ga ɗan fistan yana zamewa ba cijewa. Kada ka cusa washa a bayan sifirin da fatan gyara silo: bawul ɗin a rufe yake a silo, washa ba ta ƙara komai a nan, sai dai ta sa matsin sanyi ya kumbura filta. Buɗe murfin famfo, in ya yi zane mai zurfin da farce ke kamawa, canza famfon. Amma sabon famfo ba ya rufe ratar metal.

Sai metal ɗin. Kwance murfin kwanarod ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowanne alama don ya koma wurinsa da fuskarsa. Lafiyayyen metal launin toka ne bai-ɗaya. Wanda ya ci za ka ga jan tagulla ya leƙo a tsakiyar ɓawon sama. Auna rata da zaren Plastigage: goge mai daga wuyan karanshaf, ɗora guntun zaren a kwance, mayar da murfi, ɗaure da sifanar awo zuwa ƙarfin da littafi ya faɗa, kada ka juya karanshaf, kwance, gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Koren zare yana auna milimita 0.025 zuwa 0.076, ja 0.051 zuwa 0.152. A manyan metal sai an ɗan tallafo karanshaf sama da jak a kusa da wanda ake aunawa, in ba haka ba nauyinsa zai ɓata awon. Injuna da yawa iyakarsu tana wajen 0.08 zuwa 0.10.

In wuyan karanshaf sumul yake, farce ba ya kama zane, kuma maikiromita ta nuna bai zama ƙwai ba, sabon metal mai girman asali ya isa. Duba bayan tsohon tukuna: in an buga 0.25 ko 0.50, ko 010 ko 020, an taɓa wanke karanshaf ɗin, wato an goge wuyansa a inji an rage masa kauri, kuma irin wannan girman za ka saya. In wuyan ya yi zane ko shuɗin ƙuna, sai an sauke shi an kai injin wanki an rage shi zuwa mataki na gaba.

Wajen haɗawa, bayan metal a bushe yake zama, fuskarsa ce ake shafa wa mai. Cika famfo da filta da mai. Kafin tayarwar farko cire fulogi, katse wuta da fetur, murza sitata na daƙiƙa 10 zuwa 15 sau biyu ko uku har allurar agogo ta motsa. Kuma tunda rata ta koma yadda take, koma kan lambar man da littafi ya faɗa, ka ɗauki sabon awon silo da na juyi 2,000 da 3,000, ka rubuta su tare da kilomitar ranar.